Adaka Uku a Zangon Agege: Yadda Aikin Ɗaukar Hoton Tsofaffin Takardunmu Ke Tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau aka buɗe adaka ta farko. Hajiya ce ta kwance ɗan makullin daga haɓar zanenta ta miƙa wa Baba Malam, shi ya yi bisimilla ya murɗa kwaɗon. Adakokin uku ne, na ƙarfe, suna jibge a ɗan ɗakin da ke bayan masallacin unguwarmu tun rasuwar maigidanta, wanda ya daɗe yana limanci a nan. Shi ma gada ya yi wajen mahaifinsa, mutumin Kano da fataucin goro ya kawo Ikko a jirgin ƙasa. Ya zo da niyyar wata uku, a nan aka binne shi.

Mu huɗu ne a aikin. Ni sana'ata ɗaukar hoton biki, kyamara da fitilu nawa ne. Ƙanwata ta karanci aikin laburare a jami'a, ita ce mai rajista, ita ce kuma mai tsawata mana. Akwai jikan Hajiya, saurayi mai hannu a kwamfuta. Sai Baba Malam, abokin karatun marigayi, ya haura tamanin, kuma shi kaɗai ne a cikinmu zai dubi shafi ya ce wannan littafi kaza ne, babi kaza.

Sharaɗin Hajiya ɗaya ne, sau uku ta faɗe shi: "Ko warƙa ɗaya ba za ta fita daga masallacin nan ba." Tana da dalili. Shekarun baya wani ya zo da sunan bincike ya ari littafi guda, har yau ba shi ba labarinsa. Na ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kayan aikin ne za su zo su same su a nan."

Yau ƙirga kawai muka yi. A adakar farko akwai gafaka 9 da ƙunshi 14 waɗanda aka naɗe da tsumma ko takardar siminti. Warin fumfuna ne ya fara tarbar mu. Gara ta shiga ta kusurwa ɗaya ta yi hanyarta ta cikin ƙunshi uku. Zan riƙa rubuta yadda muke ciki, don na san akwai irin waɗannan adakokin a Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago, a ƙarƙashin gadaje, masu su ba su san ta inda za su fara ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mako biyu muka yi muna shirya wurin aiki. Tebur ɗaya, an shimfiɗa masa baƙin ƙyalle marar sheƙi. Kyamara a sama tana kallon ƙasa, a maƙale jikin ƙarfen da wani mai walda a layinmu ya haɗa mini, don na kanti ya fi ƙarfin aljihunmu. Fitilu biyu marasa zafi, dama da hagu, kowacce a karkace digiri 45, don kada tawada ta yi walƙiya. Mun toshe taga da bargo, saboda hasken hantsi daban yake da na la'asar, in an bar shi littafi ɗaya sai ya fito da launi biyu. A gefen kowace warƙa muna ajiye rula da ɗan katin launuka, yadda wanda zai duba hoton nan da shekara hamsin zai san girman takardar da ainihin kalarta. Kyamarar ba a taɓa ta da hannu, waya ce ta haɗa ta da kwamfuta, jikan Hajiya ke latsawa.

Na sayo safar hannu ta auduga, ƙanwata ta ce, "Yaya, mayar musu." Safa tana kashe jin yatsa, zarenta kuma yana kama bakin takarda mai rauni ya yage ta. Wankakken hannu busasshe ya fi. Wannan ya zo mana daidai, tunda akasarin abin da ke ciki Alƙur'ani ne da littattafan addini, sai da alwala ake taɓawa. Abin da muka ƙara shi ne zaman minti goma bayan alwala, har hannu ya bushe ƙarau.

Da azahar aka yi abin da har yanzu yake tsaye mini a rai. An ɗauke wuta tun safe, muna kan batir, ban lura makunnin fankar sama yana kunne ba. Ana kawo wuta fanka ta tashi da ƙarfinta, warƙa sittin da 'yan kai na wani littafin fiƙihu da ke buɗe a kan tebur suka watse a ɗaki. Gabana ya faɗi. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a jere tsakanin tadarishi, kuma ba lambar shafi.

Baba Malam bai yi faɗa ba. Ya ce a tattaro a zube masa. A ƙasan bayan kowace warƙa marubuci yakan ajiye kalma ɗaya ita kaɗai, ita ce kalmar farko a warƙar da ke biye. Da ita ya riƙa bi. Inda gara ta cinye kusurwar, sai ya karanta layin ƙarshe, ya lumshe ido ya ci gaba da ka, mu kuma muna laluben warƙar da ta fara da abin da ya faɗa. Awa biyu da rabi ya ɗauka. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, Risala ce, tun ina ɗan shekara sha biyu nake biya ta. Da wani littafin ne wanda ban sani ba, da sai dai Allah."

Mun cire wayar fankar gaba ɗaya. Daga yau duk ƙunshin da za a buɗe sai an fara sa wa warƙoƙinsa ƙaramar lamba da fensir mai laushi a kusurwar sama. Alƙur'ani ne kawai Baba Malam ya ce kada a ƙara masa ko ɗigo, don haka nasa a ɗan yankin takarda muke rubuta lambar mu ajiye a gefe.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Jikan Hajiya ya aro wani siririn faifai mai haske irin na masu zane. Muka ɗora warƙa ɗaya ta Alƙur'anin da ke gafaka ta biyu, muka kashe fitilu. Sai ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, daga babba zuwa ƙarami. Hajiya ta yi salati. Shekara da shekaru littafin yana gidanta ba ta taɓa ganin su ba.

Wannan tambarin masu yin takardar ne, ana sa shi tun tana jiƙe. Takarda mai wata uku a arewa maso gabashin Italiya ake yin ta, masana'antar iyalan Galvani da ke yankin Pordenone tana cikin waɗanda suka fi suna. Ta Tarabulus da Masar take shigowa, ayarin raƙuma ya ratso Sahara da ita zuwa Kano da Borno. Kenan warƙar da ke hannuna ta haye teku, ta haye hamada, ta sha tawada a Arewa, sannan ta hau jirgin ƙasa ta sauka Agege. Tambarin dai ba ya ba da shekara takamaimai, don an daɗe ƙwarai ana buga shi, har cikin farkon ƙarni na 20. Ƙanwata ta hana mu rubuta "ƙarni na 19" a rajista sai in mun ga shekara a wurin da marubuci ya yi tammat, wato ƙarshen littafi.

Abin da ya ba ni mamaki, tsohuwar takardar ta fi sabuwa lafiya. Ta Italiya da tsumma aka yi ta, har yau tana lanƙwasuwa. Waɗanda aka rubuta a nan Legas a kan takardar lissafin kamfani da littafin 'yan makaranta, da niƙaƙƙen itace aka yi su, sun yi ja, suna karyewa kamar busasshen ganye. Su za mu fara ɗauka, ko da yake su ne ƙanana a shekaru.

Tawada ma iri biyu ce. Akwai baƙa ta gawayi da ƙaro, tana zaune ne a saman takarda, ba ta cin ta, amma ruwa na taɓa ta shi ke nan. Akwai mai ruwan ƙasa wadda ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera. Ita ruwa bai cika wanke ta ba, sai dai ƙarfen da ke cikinta yana cin takarda in akwai danshi. Mun ga shafukan da baƙaƙe suka zama huji, kana ɗaga warƙa kana hango bango ta cikin kalma.

Alƙur'anin rubutun Barnawa ne, mai kauri, a ruwayar Warshu. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya. Fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Jikan Hajiya da bugun Hafsu ya yi karatu, duk inda ya ga ƙaf sai ya kira ta fa, Baba Malam na gyara masa. Wannan ja da rawayan su suka sa nake tsanantawa a kan katin launuka. Lokacin da John Hunwick ya kafa cibiyar adana rubutun Larabci a Jami'ar Ibadan a 1964, a kan siririn fim fari da baƙi ake ɗaukar littattafai. Sun yi babban aiki, Allah Ya saka musu, amma a irin wannan fim ja da baƙi duk ɗaya suke fita. Mu da muke da kayan launi a hannu ba mu da uzuri.

Roƙo ɗaya gare ku masu irin takardun nan. Don Allah kada ku liƙe yagewa da salatif, kada kuma ku kai a narka musu leda. Mun tarar da warƙa uku da wani ya kai aka rufe da leda don ƙauna. Zafin injin ya dafa su, danƙon ya shiga jikinsu, ba mai iya fito da su kuma.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Hoto 640 zuwa yau. Kowane ɗaya muna ajiye shi a tsarin TIFF, wanda ba ya matse hoto ya zubar da wani abu, nauyinsa megabait 72. Na dubawa a waya muna yin ƙaramin JPEG daban. Sunan fayil yana faɗin adaka, ƙunshi, warƙa, da gaba ko baya, ba a yarda da suna irin "sabo" ko "na ƙarshe" ba. Kwafi uku muke yi: rumbun ajiya ɗaya a masallaci, ɗaya a gidan ƙanwata a Idi-Araba, na uku za a riƙa aika shi Kano wurin ɗan'uwan Hajiya. Jikan Hajiya ya sa kwamfuta ta fitar wa kowane fayil wata doguwar lamba da ke canzawa in ko ɗigo ya lalace a cikinsa, duk ƙarshen wata zai gwada. Jama'ar masallaci sun yi karo-karo bayan Juma'a an sayi batir na biyu.

Asabar, 15 ga Maris (15 ga Ramadan)

Azumi ya rage mana gudu. Daga bayan asuba zuwa sha ɗaya muke aiki, don Baba Malam yana da tafsiri da la'asar. Amma a watan nan ne na gane abin da muke ɗauka.

Da muka fara, tsakiyar shafi nake kallo. Gaskiyar magana, mafi yawan littattafan sanannu ne: Ahalari, Ishmawi, Risala, Ishiriniya, waɗanda kowace makarantar zaure daga Sakkwato har Yola take da su, an kuma buga su tuni ana sayarwa a ƙofar masallaci. Rubutun hannu irin nasu yana nan da yawa a Gidan Arewa na Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970, da gidan tarihi na Jos, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da ba za ka samu a can ba shi ne wanda ke gefen shafukanmu.

Mahaifin marigayi liman yana da wata al'ada. Duk abin da ya same shi sai ya rubuta a gefen littafin da ke hannunsa, da ajami, da ƙananan baƙaƙe, wani a kwance wani a tsaye, wani ya zagaye shafin kamar zaren kaba. Ranar da ya sauka tashar Iddo a shekarar 1342 ta Hijira, wato tsakanin 1923 da 1924. Haihuwar 'ya'yansa da ranar suna. Huhun goro nawa ya tura Arewa, nawa suka ruɓe a hanya, fam nawa da sule nawa ya tashi da su. Ranar da aka haƙa rijiyar masallaci da waɗanda suka ba da gudummawa, har da wani maƙwabci Bayarabe da ya ba da dutsen gini. A shekarar 1343 ya maimaita addu'ar neman tsari a shafi huɗu a jere, a ƙarƙashinta ya rubuta cewa mutane suna ta mutuwa a cikin gari. Ƙanwata ta ajiye biro ta ce wannan ita ce annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta ɓarke a Legas a 1924 ta yi shekaru, har ta sa Turawa suka kafa hukumar rushe cunkusassun unguwanni a 1928. Na sha karanta labarin annobar nan da Turanci. Ban taɓa jin ta daga bakin Bahaushen da ke zaune a nan yana tsoron ransa ba sai ranar.

Karanta irin wannan rubutu ba wasa ba ne. Ajami ba shi da ƙa'idar rubutu guda, kowa da yadda yake sa nasa, kuma in mutum don kansa yake rubutu sau da yawa ba ya sa wasali. Kalma ɗaya ta tsayar da mu kwana uku: alif, ba, ta, mim, ta. Jikan Hajiya ya yi ta juya ƙamus na Larabci. Baba Malam ya kwana da ita, da asuba a sahu ya juyo ya raɗa mini, "Ai Ebute Metta ce." Babu manhajar da za ta gano wannan. Sai wanda ya san ajami, ya san goro, ya kuma san Ikko.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, hotuna kusan 300 na farkon aiki sai na sake su, don na matse kyamara a kan matani na yanke bakin shafi. Yanzu kowane hoto sai an ga baƙin ƙyalle faɗin yatsa ta kowane ɓangare. Na biyu, mun fara naɗar muryar Baba Malam. Jikan Hajiya zai faɗi lambar fayil, Malam ya karanta abin da ke gefe, ya yi bayanin abin da ya sani a kai, ƙanwata ta juya shi zuwa boko.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun shiga adaka ta biyu bayan Sallah. A cikin wani Dala'ilu mun sami zanen Raula mai tsarki, kaburbura uku a cikin murabba'i, an ƙawata da ja da rawaya, da alƙalamin kara aka ja layukan amma ka ce da rula. A bayansa kuma ga wata takarda a ninke huɗu.

Taswira ce ta hanyar Hajji ta ƙasa. Kowane gari da'ira ce da sunansa a ciki, layi ya haɗa shi da na gaba, a jikin layin an rubuta kwana nawa. Kano, Yarwa, Fallomi, Abashe, Fashir, Hartum, Sawakin, sannan wasu layuka masu lanƙwasa alamar teku, sai Jidda. Gabas ce a sama. Inda akwai rijiya an yi ɗigo biyu. Kafin Hartum an fitar da wani reshe aka rubuta cewa a nan ake tsinkar auduga a tara guzuri.

Ba shekara a jiki, amma taswirar da kanta ta ba mu iyaka. Fallomi, wadda yanzu ake kira Njamena, Faransawa ne suka kafa ta a 1900, don haka bayan nan aka zana. In kuma audugar yankin Jazira na Sudan yake nufi, inda alhazan ƙasar Hausa da yawa suka yi ƙodago, nomanta ya kankama ne bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. A rajista mun rubuta "bayan 1900, mai yiwuwa bayan 1925", muka faɗi dalili.

Na daɗe ina jin ana cewa kakanninmu ba su san taswira ba sai da Bature ya zo. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen Ingila mai yawon bincike, Clapperton, taswirar kogin Kwara da garuruwan ƙasar nan a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. Waccan ta shiga littattafan duniya don Bature ya tafi da ita. Wannan tamu a cikin Dala'ilu ta kwana kusan shekara ɗari. Hoto uku na yi mata: na fitilu biyu, na haske daga ƙasa, da na fitila ɗaya a kwance daga gefe. Wannan na ukun ya nuna wani gari da aka kankare aka sake rubutawa tsakanin Abashe da Fashir.

Asabar, 10 ga Mayu

A ƙasan adaka ta biyu akwai zanen awon filin gidan marigayi, a kan wani ƙyalle mai santsi irin na masu safiyo na da, awonsa da ƙafa da inci, tsawonsa inci 40 faɗinsa 30. Ya daɗe a ninke har ya ƙi buɗuwa. Wani ya ce a goge shi da dutsen guga, ƙanwata ta ce ko kusa. Mun buɗe shi ninki ɗaya a rana, muka danne da farar takarda da gilashi har mako guda. Laimar Legas da ke cutar mu ita ta taimaka a nan, ta sassauta ƙyallen. Kyamarata tana da ɗigo 6,000 a tsawo, in ana son 300 a kowane inci, inci 20 kawai za ta ɗauka a lokaci ɗaya. Sai na raba shi tara, kowane hoto ya hau kan ɗan'uwansa kaɗan, aka haɗe su a kwamfuta.

Zanen nan ne ya jawo taron iyali. Babban ɗan Hajiya ya ce, "Ƙanena, ka san takardar fili a garin nan wuta ce. Hoton nan ya faɗa hannun da bai dace ba, sai mu wayi gari a kotu." Gaskiya ya faɗa. Haka bayanan bashi da ke gefen shafuka, jikokin masu bashin suna nan muna sallah sahu ɗaya. Aka raba kayan gida uku: wanda kowa zai iya gani, wanda sai an nemi izinin iyali, da wanda za a ɗauka a kulle. An rubuta, Hajiya ta dangwala.

Sai kundin marigayi, mai hatimai da addu'o'i. Baba Malam ya yarda a ɗauki wasu a kulle, amma ya ware warƙa 41 ya ɗora hannu a kai. Na ce, "Allah gafarta Malam, in gara ta cinye su fa?" Ya ce, "Ilmin nan da izini ake karɓarsa, baki da baki. Hoto ba ya ba da izini." Raina bai so ba, har yanzu ina ganin asara ce. Amma ba nawa ba ne. A rajista mun rubuta adadinsu da girmansu da cewa ba a ɗauka ba bisa umarnin Malam, don na baya ya san akwai su.

Wannan rabon ya sa muka dakata da neman tallafin shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004. Tsarinsu mai kyau ne, asalin takarda yana zama a ƙasarsa, mu ma jagororinsu muke bi wajen ɗauka. Sai dai abin da aka ɗauka suna sa shi a intanet don kowa, mu kuma kashi ɗaya ne cikin uku muke da izinin hakan.

Ƙanwata ta hau jirgi daga tashar Agege ta je Ibadan, ma'ajiyar takardu ta ƙasa da Kenneth Dike ya assasa a 1954, inda fayilolin gwamnatin Legas ta zamanin Turawa suke. Tana neman abin da zai haɗu da bayanan gefen shafukanmu. Ta dawo da lambobin fayiloli kaɗan da za ta koma ta duba.

Asabar, 21 ga Yuni

Da nauyin zuciya nake rubuta wannan. Daren Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har asuba. Kwanon ɗakin ya yi yoyo, ruwa kuma ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Adaka ta ɗaya da ta biyu mun ɗora su a kan benci tun Afrilu. Ta ukun tana ƙasa, don ni na ce a bari sai mun zo kanta. Gindinta ya yi tsatsa ya huje, ba mu sani ba.

Ladan ne ya buga mini waya. Kafin ƙarfe bakwai muna can mu duka. Mutane suka ce a shanya a rana, muka hana, don rana tana murɗe takarda ta ƙone ta. Muka shimfiɗa fararen zannuwa a cikin masallaci, muka riƙa raba warƙoƙi a hankali, tsakanin kowace biyu a sa farar takarda marar rubutu, a canza ta in ta sha ruwa. Fanka ta tsaye muka juya tana kallon bango, iska na zagawa ba ta bugun takarda. Kwana biyu kawai fumfuna take buƙata ta kama jiƙaƙƙiyar takarda, don haka ba mu yi barci sosai ba. Matan unguwa suka yi ta kawo zannuwa, matasa suna canjin takarda bi da bi, kowa da alwalarsa.

Ƙunshi huɗu ne suka jiƙe. Masu tawadar bagaruwa sun tsira da tabo. Warƙa 23 masu tawadar gawayi sun wanke, wasu rabi, wasu duka. A cikinsu akwai wata waƙar wa'azi da Hausa wadda Baba Malam ya ce bai taɓa jin ta ba. Na ɗauki hotonsu a jiƙe nan take, kafin abin da ya rage ya ƙara narkewa. Baiti goma sha ɗaya ake iya karantawa.

In ana maganar asarar littattafai, Timbuktu ake tunawa, inda aka ƙone kusan 4,000 a cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013. Namu a Legas ba mai sa musu wuta. Ma'aunin danshi da muka rataye a ɗakin tun damina ta sauka bai taɓa yin ƙasa da 80 cikin ɗari ba, alhali takarda tana son ƙasa da 60. An gyara kwano. An haɗa kanta mai hawa uku, ƙafa ɗaya daga ƙasa, taƙi ɗaya daga bango. Akwatunan kwali marasa tsami na ajiyar takardu sun yi mana tsada, don haka kafin mu samu muna naɗe kowane ƙunshi da farin alawayyo da aka wanke ba sitati.

Asabar, 2 ga Agusta

Hoto 3,900 da ɗoriya. Adaka ta ɗaya da ta biyu sun kammala, ta uku saura kamar rabi. Gwajin fayiloli na ƙarshen Yuli ya nuna biyu sun lalace a rumbun masallaci, aka maido su daga na Idi-Araba. Na Kano ya isa, ɗan'uwan Hajiya ya buɗe ya tabbatar.

Amma na rufe kyamara na ɗan lokaci. Yanar idon Baba Malam ta yi ƙarfi, har da tabarau da gilashin ƙara girma sai mun nuna masa shafi a babban allon kwamfuta, kalma ɗaya ta cika fuska. 'Ya'yansa sun ce ƙarshen watan nan za su tafi da shi gida Arewa a yi masa aiki, kuma daga yadda suke magana ba lallai ya dawo Ikko da zama ba. Bayanan gefen shafi da muka ƙirga 412 ne, ya karanta mana 260. Akwai kuma ƙunshi shida da har yanzu ba mu san ko littafin mene ne ba, don farkonsu da ƙarshensu sun ɓata.

Jikan Hajiya yanzu yana iya karanta ajamin kakansa in akwai wasali. Baba Malam ya ce ya riƙa fara karantawa shi kuma yana gyarawa, duk muna naɗa. Yau a bayani 18 sau biyar kawai aka gyara shi. Mun ƙara Talata da Alhamis bayan isha'i, awa ɗaya ɗaya, don Malam yana gajiya. Ran Talata da ƙunshi shidan nan za mu fara, sannan baitocin waƙar da ruwa ya bari, ko zai gane salon wanda ya yi ta.